FILIN LAFIYA: Ɗigon Maganin Ido Da Kan Kai Yaro Ɗakin Tiyata

Da zarar hunturu ya kama ƙura ta turnuƙe, ko kuwa bazara ta shigo da zafinta, akwai yaran da idanunsu ba sa barin su runtsa. Ƙaiƙayi ne mai tsanani, yaro ya yi ta murza ido har fatar ta kumbura, farin idon ya rine ya koma ƙasa-ƙasa, da safe kuma a tarar da kwantsa mai yauƙi kamar zare. Uba mai tausayi ba ya iya zura ido yana kallon ɗansa cikin wannan hali, sai ya nufi kemis mafi kusa, mai kanti ya miƙo masa 'yar kwalbar ɗigo. Kafin kwana uku jan ya baje, ƙaiƙayi ya lafa, yaro ya sami barci, kowa a gidan yana yabon maganin. Kwalba ta ƙare, ciwo ya dawo, sai a ba yaron tsohon kwalin a aike shi ya sayo irinta. A haka wata ya bi wata, har shekara ta zagayo. Ran da malamin makaranta ya lura yaron yana karo da benci, kuma ba ya ganin wanda ya zo ta gefensa, sa'an nan a kan tuna da asibiti. Likita ya auna idon, ya ce sai an yi aiki.

Likitocin ido na ƙasashe masu zafi sun san wannan labari sarai. Maganin da ke cikin kwalbar nan dangin sitiroyid ne, ciwon da ya haifar kuwa shi ne wanda Hausawa ke kira hawan jinin ido, likitoci kuma su ce gilakoma. Yawancin waɗanda maganin ya jawo wa ciwon su kan rabu da shi ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. To, mene ne ke bambanta waɗanda kan tsira da ɗigo kawai da waɗanda sai an kai su ɗakin tiyata? Abubuwan sanannu ne, kuma galibinsu suna hannun iyaye da masu sayar da magani.

YADDA IDO KE ZUBAR DA RUWANSA

Sunan hawan jinin ido ya kan ruɗi mutane, domin abin da ke hawa ruwa ne, ba jini ba, kuma mai lafiyayyen jini ma yana iya kamuwa. A cikin ƙwayar ido, daga gaba, akwai wani ruwa garai-garai wanda ido ke ƙirƙira dare da rana don ciyar da sassansa. Wannan ruwa dabam ya ke da hawaye. Yadda ya ke ɓuɓɓugowa haka ya ke tsiyayewa ta wata rariya mai ƙananan ƙofofi, wadda ke zagaye da gindin baƙin ido. Muddin rariyar a buɗe ta ke, ƙarfin ruwan kan tsaya tsakanin lamba 10 da 21 a ma'aunin likita, watau milimita na zaiba. Idan ta toshe kuwa, sai abin ya zama kamar gidan da rariyarsa ta cushe da damina: ruwa yana shigowa, ba ya fita, ƙarshenta ya ci gini.

Ginin da ruwan ke ci a nan shi ne jijiyar gani, wadda ke ɗaukar hoto daga bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa. Zarurrukan jijiyar nan, waɗanda sun haura miliyan ɗaya a kowane ido, su kan riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Ganin gefe ne ke fara tafiya, na tsakiya ya saura, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Mafi yawan lokaci ba zafi, ba ja, ba hawaye. Shi ya sa ciwon kan yi nisa kafin mai shi ya farga.

Sitiroyid kuwa abin da ya ke yi shi ne ya sa wasu sinadarai su riƙa taruwa a ƙofofin rariyar, kuma ya kashe kuzarin ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne share ta. Sannu a hankali sai ta cushe.

ASALIN MAGANIN

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sitiroyid guba ne. Yana cikin manyan magungunan da aka samu a ƙarni na 20. A shekarar 1948 Dakta Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya yi wa wata mata allurar kotizon, bayan ciwon gaɓoɓi ya kwantar da ita, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. Har yau da wannan dangin magani a ke ceton masu fuka, da yaran da ciwon ƙoda ke kumburawa, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu kumburin cikin ido. Bayan aikin cire yanar ido ma shi a ke ɗigawa.

Amma tun a shekarar 1950 ɗin wani likitan ido a Amurka, John McLean, ya ba da rahoton cewa ruwan ido ya hau a wasu majinyata da aka yi wa magani da allurar da ke ƙara kotizon a jiki. A 1954 Jules François na ƙasar Beljiyam ya ga haka ga waɗanda aka sa wa kotizon a ido. Sa'an nan tsakanin 1963 da 1965 wasu likitoci biyu a Amurka, Mansour Armaly da Bernard Becker, kowa da nasa binciken, suka riƙa ɗiga wa mutane masu lafiyar ido sitiroyid mai ƙarfi har mako 4 zuwa 6 suna aunawa. Suka tarar mutane sun kasu uku. Kimanin kashi biyu cikin uku ruwan idonsu bai motsa sosai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya hau matsakaici. Kimanin mutum 5 cikin 100 kuwa ya yi mummunan tashi, ya ƙaru da fiye da lamba 15. Ba wata alama a fuska da za ta nuna wa mutum rukunin da ya ke ciki, sai dai awo.

WAƊANDA SUKA FI SAURIN KAMUWA

Na gaba a layi su ne waɗanda dama suna da gilakoma, domin kusan 9 cikin 10 nasu ruwan idonsu kan hau in an ɗiga musu sitiroyid. Sai 'ya'yansu da waɗanda su ke ciki ɗaya da su. Sai masu ciwon suga, da masu ciwon gaɓoɓi mai kumbura yatsu, da waɗanda ba sa hangen nesa sai da tabarau mai kauri ƙwarai, da wanda ya taɓa buguwa a ido. Ta fuskar shekaru kuwa, ƙananan yara da tsofaffi su ne abin ji. Ga babba, ruwan kan fara hawa bayan mako 2 zuwa 6 da soma ɗigo. Ga ƙaramin yaro yana iya tashi cikin 'yan kwanaki.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai. Binciken makanta da aka yi a faɗin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da gilakoma, kuma ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido. Daga cikin masu ciwon, waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 cikin 100 ba, ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance. Ke nan akwai dubban mutane da ke yawo da ciwon ba su sani ba, waɗanda idan afolo ta shigo gari za su sayi ɗigon sitiroyid su ƙara wa idon nauyi a kan wanda ya ke ɗauke da shi. Ita afolo kuwa, wadda ta fara ɓulla a Ghana a 1969, ta kan warke da kanta cikin mako ɗaya ko biyu.

Ba ɗigo kaɗai ke kawo wannan ba. Mayukan sauya launin fata da yawa suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kuma abin da aka shafa a fatar ido da kewayenta yana ratsawa ciki. Wasu daga cikin ƙwayoyin ƙiba da a ke kira sha-ka-fashe deksametason ne tsagwaronsa. Mai shan su shekara da shekaru tana iya samun ƙibar, ta rasa ganin.

ABUBUWAN DA KAN KAI GA WUƘA

A ƙasar Indiya, inda ƙaiƙayin idon yara da sayen magani ba takardar likita suka yawaita kamar nan, an bi diddigin wannan al'amari. A babban asibitin koyarwa na birnin Delhi, Farfesa Ramanjit Sihota da abokan aikinta sun lura da majinyata 34 da sitiroyid ya jawo wa gilakoma, aka buga sakamakon a 2008. Mutum 9 daga ciki, watau kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, sai da aka yi musu aiki. Waɗannan tara sun zo asibiti ruwan idonsu yana kusan lamba 50, alhali sauran suna wajen 30. Waɗanda ba su wuce shekara 20 ba, da waɗanda jijiyar ganinsu ta riga ta ci wuya, su suka fi shiga tiyata. Haka kuma a asibitin ido na L V Prasad da ke Haidarabad an duba takardun masu ƙaiƙayin ido 4,062, aka sami 91 da gilakomar sitiroyid, galibinsu maza. Daga idanu 157 da ciwon ya taɓa, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun bukaci aiki. Rahoton, wanda ya fito a 2020, ya nuna abu biyu ne suka fi yin nuni ga tiyata: zuwa asibiti da ruwan ido lamba 30 ko fiye, da kuma daɗewa a kan maganin.

Abu na farko ke nan, tsawon lokaci. Wanda ya ɗiga maganin 'yan makonni aka tsayar, ruwan idonsa kan koma daidai cikin mako 1 zuwa 4. Wanda ya shekara ɗaya, biyu ko fiye yana ɗigawa kuwa, rariyar tana iya lalacewa ta yadda ko an daina ba za ta sake buɗewa ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Na biyu shi ne inda ruwan ya kai ran da aka fara aunawa. Kowane ɗigon rage ruwan ido yana da iyakar abin da zai iya saukarwa. Idon da ke lamba 28 ɗigo ɗaya ko biyu kan dawo da shi gida. Wanda ya kai 45 ko 50, ko an haɗa masa ɗigo uku da ƙwayar sha, sau da yawa ba ya sauka inda a ke so, kuma a irin wannan tashi jijiyar ba ta iya jiran watanni.

Na uku, ƙuruciya. Idon yaro ya fi saurin amsa sitiroyid, ruwansa ya fi tashi sama, sa'an nan yaro ba ya iya faɗin cewa ganin gefensa yana raguwa. Bugu da ƙari yana da shekaru 50 ko 60 a gabansa da zai bukaci idon, saboda haka likita ba ya yarda ya bar shi a kan ruwan da za a iya yi wa tsoho haƙuri da shi.

Na huɗu, ɓarnar da aka riga aka yi. Jijiyar da ta rasa mafi yawan zarurrukanta ba ta jure ko da lamba 20, wadda ga lafiyayyen ido ba komai ba ce. Irin wannan ido sai an saukar da ruwansa ƙasa ƙwarai, wajen 12 ko abin da bai kai ba, kuma ba kasafai ɗigo ke iya wannan ba. A nan ne ma mai tsohuwar gilakoma ya ke shigowa, domin shi dama rariyarsa da jijiyarsa ba su da sauran ƙarfin ajiya.

Na biyar, irin maganin da hanyar da ya shiga. Deksametason da betametason da firedinisolon sun fi ɗaga ruwan ido, fulorometolon da lotafirednol kuwa suna da sauƙi. Ɗigo ana iya ajiye shi yau, amma allurar da aka yi a gefen ido ko a cikinsa ta kan zauna watanni tana aiki. Akwai kuma 'yar ƙwayar da a ke dasawa a cikin ido don ta riƙa sakin magani a hankali. Wadda a ke kira Retisert, da aka amince da ita a Amurka a 2005 don kumburin cikin ido mai naci, an ga cewa cikin shekara 3 kimanin 77 cikin 100 na waɗanda aka dasa wa sun bukaci maganin rage ruwan ido, 37 cikin 100 kuma sai da aka yi musu aiki. Iluvien, mai ƙaramin awo, ta kai kimanin 5 cikin 100 ga tiyata, Ozurdex kuwa ƙasa da 1 cikin 100. Ƙarfin magani da daɗewarsa a ido su ke tafiya tare da haɗarin.

Na shida shi ne wanda ba shi da halin dainawa. Mai kumburin cikin ido wanda in an janye sitiroyid zai makance, ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, dole ya ci gaba da maganinsa. Ga irin wannan, aiki shi ne hanyar da za ta ba shi damar riƙe maganin da idon gaba ɗaya.

ABIN DA LIKITA KAN YI

Likita kan fara da janye sitiroyid a hankali, ko ya musanya shi da mai sauƙi. Ga ƙaiƙayin ido akwai ɗigon da ba sitiroyid a ciki, kamar kuromogilaiket da olofatadin, ga mai tsanani kuma akwai saikulosforin da takurolimus. Wanke ido da ruwan sanyi mai tsabta da ɗora tsumma mai sanyi suna rage murza. Ya kamata iyaye su san cewa yawancin yara kan rabu da wannan ƙaiƙayi da kansu bayan sun balaga, saboda haka abin da a ke nema shi ne a rako yaron zuwa wannan lokaci da idonsa lafiya. Sa'an nan a ba da ɗigon rage ruwa, irin su timolol da dozolamaid da latanofuros. Su ma ba na saye da ka ba ne: timolol yana iya tayar wa mai fuka da ciwonsa, ƙwayar Diamox kuma ana taka-tsantsan da ita ga mai sikila. Wasu idanun kan amsa gashin haske na leza a kan rariyar.

In duk wannan bai yi ba, sai aiki. Wanda aka fi yi shi ne wanda Dakta John Cairns na Kambirij a Ingila ya bayyana a 1968: a buɗe wa ruwan wata 'yar sabuwar ƙofa a farin ido, ƙarƙashin fatar ido ta sama, inda zai riƙa tsiyayewa jiki ya shanye. Ba a ciro ido waje, kamar yadda a kan ji ana faɗa a gari. Babba a kan kashe masa wurin da allura yana farke, yaro kuma a sa shi barci. Da ya ke jikin yara da na baƙar fata yana saurin yin tabo, wanda kan liƙe sabuwar ƙofar, a kan shafa maganin mitomaisin a wurin lokacin aikin. Wani lokaci a kan tsaga rariyar kanta, ko a sa ɗan siririn bututu. Abin mamaki, bayan aikin ma sitiroyid ɗin a ke ɗigawa don hana tabo, amma a wannan karo da awo da ranar dainawa.

Akwai gaskiyar da ya wajaba a faɗa wa kowane majinyaci. Aikin yana tsare ganin da ya saura ne, ba ya dawo da wanda ya tafi. Rashin fahimtar haka ya sa wasu kan ce an yi wa wane aiki bai ga canji ba, sai na baya su tsorata su gudu, su dawo bayan shekara ba abin da ya rage a ceta. Wanda likita ya ce masa lokacin aiki ya yi, jinkirinsa asara ce da ba ta da mayarwa.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Duk wanda ke da kwalbar ɗigon ido a gida, ya dubi jikin kwalin. Yawancin sunayen dangin sitiroyid a rubutun boko suna ƙarewa da haruffan "sone" ko "lone". Sanannun ɗigo irin su Betnesol-N da Maxitrol da Tobradex duk akwai shi a ciki, kuma magunguna ne masu amfani a hannun likita na 'yan kwanakin da ya ƙayyade. Takardar da likita ya rubuta ta mako biyu ba izinin shekara ba ce, kuma maganin da aka rubuta wa wa ba na ƙane ba ne. Mai kemis da ya ga tsohon kwali ya dawo karo na biyu, alherin da zai yi wa mai shi shi ne ya nuna masa hanyar asibiti. Bayan gilakoma, wannan ɗigo kan kawo yanar ido ga yaro ƙarami, kuma ya kan hura wutar gyambon da ke kan baƙin ido.

Wanda lalura ta sa dole ya daɗe a kan sitiroyid, a auna ruwan idonsa kafin ya fara, a sake bayan mako 2, sa'an nan wata-wata har wata 2 ko 3, daga nan duk bayan wata 6. Ya kuma gaya wa likita in akwai mai gilakoma a danginsa. Mai shan ƙwayar sitiroyid da ya daɗe a kanta kada ya yanke ta rana ɗaya don ya karanta wannan fili, domin yankewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum har ta kai ga rai. Likita ne zai rage masa ita mataki-mataki.

Awon ruwan ido ba ya cin minti biyar, kuma ba zafi. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da cibiyar ido ta Guinness a asibitin koyarwa na Idi-Araba a Ikko, da asibitin koyarwa na Ibadan, da sauran asibitocin da ke da sashen ido. Gidan da yaro ya shafe fiye da wata guda ana ɗiga masa maganin da aka sayo ba takarda, a kai shi awo cikin makon nan, a tafi da kwalbar a hannu don likita ya ga abin da ke ciki. Hausawa sun daɗe da gargaɗin kada garin gyaran gira a rasa ido.